Minti 25 na Mai Shari'a Uwais

Ina riƙe da ƙafar rago, ƙanena yana fiɗa, waya ta dinga ruri a aljihuna. Ranar Juma'a ce, 6 ga Yuni, 2025, ranar Babbar Sallah. Sai a kira na uku na goge hannu a jikin buhu na ɗaga. Hajiya ce, mai shirya shirin da nake gabatarwa a rediyo duk daren Alhamis, inda nake amsa tambayoyin jama'a kan gado da filaye da haya da beli. Ko barka da Sallah ba mu gama ba ta ce, "Barista, ka ji rasuwar Mai Shari'a Uwais a Abuja?" Na yi inna lillahi. Ta ce to shirin Alhamis mai zuwa nasa ne, minti 25, kuma kada in kawo mata abin da zai sa mutane su murɗa tasha.

Na ce ba matsala, don a zatona aikin awa ɗaya ne. Muhammadu Lawal Uwais mutumin Zariya ne, ni ma a nan aka binne cibiyata. Sunansa na cikin kusan kowane littafin da muka yi bita da shi a jami'a. Sai dai ban taɓa tsayawa gabansa ba. Ya yi ritaya a 2006, lokacin ni ko rigar lauya ban saka ba.

Daren Asabar, bayan hayaƙin suya ya lafa, na zauna na jero abin da kowa yake jerowa. An haife shi ranar 12 ga Yuni, 1936, mahaifinsa alƙali ne a masarautar Zazzau. Ya yi Barewa, ya yi Cibiyar Koyon Aikin Mulki ta Kongo, ya tafi Ingila ya zama lauya a 1963. Ya dawo ya yi lauyan gwamnatin Jihar Arewa, ya kai babban sakatare a ma'aikatar shari'a ta Jihar Arewa ta Tsakiya, ya hau kujerar alƙalin Babbar Kotu, ya wuce Kotun Ɗaukaka Ƙara, ya shiga Kotun Ƙoli a 1979 yana da shekara 43. Ya gaji Mai Shari'a Muhammadu Bello a matsayin Alƙalin Alƙalan Najeriya a ƙarshen 1995, ya sauka ranar da ya cika 70. Shekara 27 ke nan a kotu ɗaya. Na ƙawata shi da "gwarzo" da "bango abin jingina" da "an yi babban rashi", na karanta wa maiɗakina tana kwashe soyayyen nama daga kasko. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Allah ya jiƙansa. Amma wannan ai takardar neman aiki ka rubuta masa."

Na ji haushi, don ta faɗi gaskiya. Babu abin da ke cikin takardar da zai sa mai shayi a Tudun Wada ya san dalilin da za a ba wannan mutum minti 25.

Ranar Lahadi na kai wa Baffa nasa kason a cikin birni. Ƙanin mahaifina ne, tsohon magatakardan kotun yanki, ya haura 80. A zamanin aikinsa ba a yarda ma'aikaci ya yi siyasa a fili ba, amma duk unguwa an san zuciyarsa na wajen Malam Aminu Kano. Na tsuguna na gaishe shi, na faɗa masa abin da ke gabana. Ya yi wa mamacin addu'a, ya yi shiru, sai ya ce, "Ɗana, ka san shi ma yana cikin masu yanka goro?"

Ban gane ba. Ya sa jikansa ya miƙo masa ƙullin goron da baƙi suka kawo masa na Sallah, ya ƙirga 19 a kan tabarma. Ya ce waɗannan su ne jihohin Najeriya a 1979. Doka ta ce wanda zai zama shugaban ƙasa, ban da rinjayen ƙuri'a, sai ya samu kashi ɗaya cikin huɗu a aƙalla kashi biyu cikin uku na jihohi. Ya ware 12 gefe guda, ya ce nan Shagari ya cika sharaɗi. Ya ɗauki na 13, ya ce wannan Kano ce, inda PRP, jam'iyyar Malam Aminu, ta kwashe, Shagari ya tsaya ƙasa kaɗan da kashi 20 cikin 100. Awolowo, abokin takararsa da ya kai ƙara kotu, ya ce jiha ba ta yankuwa, biyu cikin uku na 19 jiha 13 ne, don haka a je zagaye na biyu. Lauyan Shagari, Richard Akinjide, ya ce a'a, 12 ne da biyu bisa uku. Sai Baffa ya ciro 'yar wuƙarsa ya raba goron nan uku, ya jefa ɓari ɗaya a baki, ya tura biyu wajen 12 ɗin. Ya ce idan biyu bisa uku na Kano kaɗai za a duba, rubu'insa ya zama ɗaya cikin shida, kuma Shagari ya wuce haka. Alƙalai bakwai suka zauna, mafi rinjaye suka yarda da yankan, Kayode Eso ya ƙi. Aka yanke hukunci ana saura 'yan kwanaki a rantsar da Shagari ranar 1 ga Oktoba. Ƙaramin cikinsu, wanda bai fi 'yan makonni da shiga kotun ba, shi ne Uwais.

Na san shari'ar, mun haddace ta don jarrabawa. Amma ban taɓa ganin ta a kan tabarma ba. Na tambayi Baffa ko yana riƙe da mamacin a zuciya. Ya tauna goronsa ya ce, "Ni na ji a rediyon Kaduna, na kwana ban ci tuwo ba. Amma soja ne a bakin ƙofa, sun ce za su tafi. Wa ya san abin da za a yi da an ce a sake? Kai dai in za ka faɗa, ka faɗa duka."

A hanyar komawa gida na yanke shawarar in ajiye jerin muƙamai, in nemo shari'o'in da suka taɓa rayuwar mai saurare.

Litinin hutu ce, sai Talata na shiga ofis. Maigidana a aikin lauya yana da littattafan rahoton shari'a na mako-mako, waɗanda marigayi Gani Fawehinmi ya fara bugawa a 1985, jere tun daga ƙasa har rufi. Yanzu duk a waya muke bincike, shi ya sa ƙura ta yi musu rawani. Babu wuta, na jawo kujera bakin taga. Abin da ya fara ba ni wahala shi ne zaɓe. Mutumin da ya yi shekara 27 a Kotun Ƙoli, hukuncinsa ba ya ƙirguwa, ni kuma minti 25 ne a hannuna, har da sallama da talla.

Ta farko da na ɗauka ita ce shari'ar Balarabe Musa da hukumar zaɓe. A 1999 jam'iyyu uku kaɗai aka yi wa rajista. Da wasu suka nema, sai INEC ta gindaya sharuɗɗan da ba mai cika su sai mai buhun kuɗi, har da buɗe ofisoshi a jihohi 24. Fawehinmi ya ja ragamar ƙarar, da jam'iyyarsa da PRP da wasu. A Nuwamban 2002 Kotun Ƙoli, Uwais na shugabantar zaman, ta ce hukuma ba ta da ikon ƙara sharaɗi a kan abin da sashe na 222 na tsarin mulki ya lissafa. Kafin zaɓen 2003 jam'iyyu sun kai 30. Wannan na san zai yi wa Baffa daɗi. Na ƙara da ta Legas a 2004, inda kotun ta ce shugaban ƙasa ba shi da ikon riƙe kuɗin ƙananan hukumomin jiha, lokacin da Obasanjo ya riƙe na Legas saboda sababbin ƙananan hukumomin da Gwamna Tinubu ya ƙirƙiro. Kuɗin dai ba su fito duka ba sai da 'Yar'aduwa ya hau, wanda ya nuna iyakar ƙarfin alƙali in mai mulki ya toshe kunne. Ita wannan jimla biyu na ba ta.

Sai na zo kan wadda nake gudu. Buhari da Obasanjo.

Duk wanda ya yi wayo a Arewa a 2003 ya san yadda zukata suke. An yi zaɓe a Afrilu, an rantsar da Obasanjo a ƙarshen Mayu, shari'a kuwa ta yi ta jan ƙafa. Chuba Okadigbo, mataimakin Buhari a takarar, ya rasu a Satumban shekarar ba tare da ya ga ƙarshenta ba. Sai ranar 1 ga Yuli, 2005, Kotun Ƙoli ta kori ƙarar, kuma Uwais ne ya karanta babban hukuncin. Fiye da shekara biyu bayan zaɓe, wa'adin mulkin ma ya wuce rabi. Na tuna yadda aka yi ta magana a majalisun Zariya a lokacin, wasu kalaman ba sa maimaituwa.

Na zauna da kundin nan har la'asar, ba ƙaramin littafi ba ne. Abin da na fahimta, a taƙaice: dokar zaɓe ta lokacin ta ce ba a soke zaɓe don an samu kurakurai, sai mai ƙara ya nuna cewa kurakuran sun kai su sauya sakamako. A ƙasa mai rumfunan zaɓe sama da dubu 100, wannan na nufin ka kawo shaida rumfa-rumfa, alhali takardun duk suna hannun hukumar da kake ƙara. Ba na cewa dole kowa ya gamsu da hukuncin, ni kaina akwai wuraren da na yi ta jan tsaki. Amma na ga inda igiyar take ɗaure.

Da yamma na kira Hajiya na karanta mata tsarin. Da na iso nan ta katse ni. "Barista, mutum ko kwana bakwai bai yi a kabari ba. An ce mu ambaci alherin mamatanmu. Kuma ka san masu kiranmu. Cire wannan." Na ce zan duba.

Maigida yana jin mu daga ɗakinsa. Ya fito da carbi a hannu ya tambaye ni me na tanada bayan 2005. Na ce rahoton gyaran zaɓe. Ya ce in ɗauko shi in karanta shawarwarin a hankali, sannan in sake duba hukuncin, in ga ko zan iya faɗin ɗaya in bar ɗaya. Bai ƙara komai ba, ya tafi masallaci.

Kowa ya san sunan "rahoton Uwais", 'yan siyasa na ambatonsa duk lokacin da suka faɗi zaɓe, su manta da shi ranar da suka ci. Waɗanda suka karanta shi ba su da yawa, ni ma sai a daren nan na zauna masa da gaske. Asalinsa, Umaru Musa 'Yar'aduwa ya amsa da bakinsa a jawabin rantsuwa na 2007 cewa zaɓen da ya kawo shi yana da naƙasu. A Agustan shekarar ya kafa kwamiti na mutum 22, ya ɗora Uwais a kai, shekara ɗaya da 'yan watanni bayan ritayarsa. A ciki akwai Attahiru Jega da Matthew Kukah da Bolaji Akinyemi da Olisa Agbakoba. Suka zaga ƙasa suka saurari jama'a, suka miƙa rahoto a Disamban 2008.

Ina karantawa ina jin kamar amsa ake ba wa shari'ar 2005, layi bayan layi. An yi shekara biyu ana shari'a mai mulki na kan kujera? Rahoton ya ce a gama duk ƙarar zaɓe kafin a rantsar da kowa. Mai ƙara ya kasa kawo shaida daga dubban rumfuna? Rahoton ya ce a juya nauyin, hukumar zaɓe ce za ta tabbatar wa kotu cewa ta yi aikinta daidai. Ana zargin alƙalin wasa ɗan gidan mai ƙungiya ne? Rahoton ya ce a cire wa shugaban ƙasa ikon zaɓo shugaban INEC shi kaɗai, Majalisar Harkokin Shari'a ta Ƙasa ta tallata kujerar ta tace sunaye. Ya ce a kafa hukuma ta musamman mai gurfanar da masu maguɗi, a rage wa INEC kaya, a bar ɗan takara mai zaman kansa ya tsaya.

Ban san abin da ke zuciyar mamacin ba, kuma ban ce hukuncinsa yake wa kaffara ba. Rahoton aikin mutum 22 ne. Amma a ganina, mutumin da ya zauna a shari'ar shugaban ƙasa a 1979 yana ƙaramin alƙali, ya sake zama a 2005 yana babba, ya san inda dokar ke yoyo fiye da kowa. A kan kujera ba shi da ikon toshewa, aikinsa ya yi hukunci da dokar da aka miƙa masa. Da ya sauka aka tambaye shi, sai ya nuna ramukan ɗaya bayan ɗaya. Nan na gane abin da maigida yake nufi. In na cire 2005, rahoton ya zama shawarar wani dattijo kawai.

Abin da aka yi da rahoton kuwa, an tsinci na tsinta. Gwamnati ta ƙi maganar naɗin shugaban hukuma tun a 2009. Gyaran tsarin mulki na 2010 ya ba INEC kuɗinta kai tsaye, ya kuma sa wa'adi: kwana 180 a kotun zaɓe, 60 a ɗaukaka ƙara. Jega, ɗan kwamitin, ya zama shugaban hukumar a 2010. Amma har yau ana rantsarwa kafin a gama shari'a. A 2023 an yi rantsuwa 29 ga Mayu, Kotun Ƙoli ta yi magana 26 ga Oktoba. Hukumar hukunta masu maguɗi kuwa, har ranar da na yi shirin ba a kafa ta ba.

Laraba ta tafi a neman Hausa. Wannan shi ne aikin da ba a gani. Kalmomin kotunmu na Turanci ne, in ka juya su kai tsaye sai su fito kamar tuwon da bai nuna ba. Maganar nauyin hujja ta fi ba ni wuya, har na tuna abin da kowane mai zuwa kotun shari'ar Musulunci ya sani: hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa tana kan wanda ya musa. To ga inda zan kama. Na rubuta cewa Uwais da mutanensa sun ce a harkar zaɓe wannan ƙa'ida ba ta wadatar ba, domin hukumar zaɓe 'yar ajiya ce. Ka ba mutum ajiyar buhu goma, ka dawo ka tarar da takwas, makullin rumbu na hannunsa, littafin lissafi na hannunsa, sannan a ce kai za ka kawo shaidar daren da aka ɗiba? Na karanta wa maiɗakina wannan, ta ce yanzu ka fara magana.

Na sake kiran Hajiya. Na ce mata ba zan zagi kowa ba, ba zan wanke kowa ba, minti uku kawai nake so a kan 2005, in ba haka ba a ba wani shirin. Ta yi dogon numfashi ta ce, "Minti biyu. Kuma in waya ta yi zafi, kai za ka amsa."

Sai da na zauna a situdiyo na sa abin ji a kunne na lura da kwanan watan. Alhamis, 12 ga Yuni. Ranar Dimokuraɗiyya, ranar da ya yi ritaya, ranar da zai cika shekara 89 da ya ƙara kwana shida. Da shi na buɗe. Na shigo da goro 19 a leda, na jera su a kan tebur duk da ba mai ganina sai injiniya, wanda ya dinga dariya ta bayan gilashi. Muƙaman da na kwana ina jerawa, a numfashi biyu na wuce su. Talla ta ci minti huɗu, maganar Legas ta faɗi gaba ɗaya, ban ko taɓa ta ba.

Waya ta yi zafi kamar yadda Hajiya ta faɗa. Mai kira na farko, daga muryarsa dattijo ne, ya ce shi bai manta da 2005 ba kuma ba zai manta ba, amma Allah ya jiƙan Musulmi. Na biyu ya ce lauyoyi dama bakinmu ɗaya, muna kare junanmu. Na ce masa ya yi haƙuri ya nemi rahoton ya karanta, ya ce shi ba ya jin Turanci, wa ya fassara masa? Ban da amsa, don ni ma ban taɓa cin karo da shi da Hausa ba. Wata malama daga Samaru ta tambaya, in shawarwarin nan suna da kyau haka, wa ya hana a yi? Na fara bayani a kan majalisa da gyaran tsarin mulki da jihohi 24 da dole su amince, sai na ga Hajiya tana zana da'ira da yatsa a iska. Na yi wa mamacin addu'a, na yi sallama a guje. Wata ɗaya bayan haka Buhari ma ya rasu a Landan, Hajiya ta sake kirana, na ce wannan karon ta nemi masanin siyasa.

Washegari bayan Juma'a na biya wajen Baffa. Rediyonsa na gefen filo, ya ɗaure murfin batir da roba. Na gaishe shi na zauna ina jiran yabo. Ya ce ya ji. Ya ce maganar ajiya ta yi, amma na yi sauri a wajen Balarabe, kuma na ce "Awolowo" kamar ina tsoron sunan. Sannan ya miƙo hannu.

"Ina goron?"

Na ce injiniya ya kwashe.

"Har da yankakken?"

Na ce har da shi. Ya girgiza kai, ya kira jikansa ya ce ya ɗauko wa babansa ruwa, ya kuma duba ko akwai sauran ƙullin nan na ranar Lahadi.